Butar Bappayo a Bakin Ƙofa

Malam Bappayo na Udubo ba mutumin da cuta ke razanawa ba ne. Sanƙarau ya kwashe 'yan'uwansa uku ya tsallake shi. Kwalara ta kwantar da shi kwana tara a Gamawa, ya miƙe ya kora shanu kasuwa. Da korona ta zo ta tarar da shi ya haura saba'in, ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman na wani asibitin kuɗi da ke bayan garin Azare, ya fito da ƙafarsa. Sai dai matarsa Kande, wadda aka kwantar bayansa da kwana biyu, tana ciki.

Numfashinta ya dawo, likita da bakinsa ya ce korona ta sake ta. Kwatsam sai wani sabon zazzaɓi ya rufe ta, wuyanta ya kumbura daidai inda aka soka robar ƙarin ruwa. Aka ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga jininta a nan cikin ɗakin, kuma ita ce ta huɗu a watan. Biyu an riga an yi jana'izarsu.

An hana dubiya, don haka Bappayo ya kafa kansa a jikin tagar gilashi tun hantsi. Ɗakin mutum huɗu ne aka cusa gado takwas, nas biyu kacal ke zirga-zirga. Shi kuwa idon makiyayi gare shi. Ya ga babbarsu, Sista Yakaka, ta share wa wani majina, ta gyara wa na kusa da shi robar fitsari, ta wuce kan Kande ta taɓa wuyanta, duk da safar hannu guda.

Tana fitowa ya tare ta.

"Ke 'yar nan! Wannan safar, wa take karewa? Ke ko matata?"

"Baba, matsa min, ina da aiki."

"Aikin raba cuta? Ni ban yi boko ba, amma ko saniya ce mai ciwon huhu na kama, ba na taɓa lafiyayya sai na wanke hannu. Ku kun ga korona kun naɗe jikinku kamar buhun gero, kun bar waɗanda ke kwance a gado sai abin da Allah ya yi."

Yakaka ta ja takunkumi ƙasa. Takunkumin ya bar mata shaida a kumatu har sun yi ja.

"Safa biyu ake ba ni a yini, Baba. Biyu! Abokan aikina uku suna kwance. Tunda kuma ka ɗauko zancen hannu, wa ya lallaɓo ranar Talata da azahar muna juya mara lafiya, ya ɗaga filastar wuyan Inna Kande? Har yanzu audugar na warin man shanu."



"Na shafa," in ji Bappayo. "Fatar ta bushe tana tsagewa. Da wannan man na warkar da gyambon bijimai kafin a haifi ubanki."

"To matarka ba bijimi ba ce. Robar nan har cikin jijiya take. Da farcenka ka tura mata datti."

"Ƙarya kike! Sauran ukun fa, su ma ni na shafa musu?"

Ta buga tsaki ta shige. Shi ma ya dubi farcensa, baƙi ƙirin, ya cusa hannun cikin aljihu.

Ran nan likita ya zare robar, ya canja wa Kande magani, ya ce kwana ukun farko su ne abin tsoro. Bappayo ya hau acaɓa sai kasuwa. Ya dawo da buta, da sabulu sanda guda, da bokiti, da reza. A gaban kowa ya yanke farcensa kaf, ya wanke hannu har gwiwa, sannan ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofar ɗakin.

"Duk mai shiga, hannu!" yake cewa. "Ko likita ne!"

Mai gadi ya zo korarsa, Bappayo ya ce sai dai a ɗauke shi da buzun. Yakaka ta kira shi tsohon banza a gaban mutane, ya kira ta mai safar annoba. Amma da la'asar ta tsaya, ta miƙo hannu ba tare da ta dube shi ba, ya tsiyaya mata ruwa. Ta taga kuma ya ga ta ajiye kwalbar ruwan goge hannu a gindin kowane gado, tana goge safar kafin ta matsa gaba.

Rana ta biyar zazzaɓin ya sauka. Rana ta tara aka turo Kande a keke, ta rame, da tabo a wuya, tana neman kunun tsamiya.

Yakaka ce ta turo ta. Ta ce wa Kande, "Allah ya ƙara sauƙi, Inna," ta wuce Bappayo kamar turke. Shi ma bai ce mata sannu ba. Ya naɗe buzunsa, ya bar butar a bakin ƙofa, ya ce da ƙarfi yadda za ta ji, "Ga ta nan, tunda ba ku da ita."

Har gobe in ka je Udubo zai gaya maka shi ne ya koya wa asibiti guda wanke hannu. Zancen man shanu kuwa, Kande kaɗai ke tayar da shi, in ya ɓata mata rai.