Duwatsun Malam Tahiru

Tun ina ƙarama Allah ya ɗora mini ciwon shara. In na ga tsinke a tsakar gida ba na iya zama, har 'yan gidanmu suna kirana Salima mai tsintsiya.

Bara wata ƙungiya a nan Gure ta yi mana horo na sati biyu, kan yadda za mu riƙa yini da masu buƙata ta musamman don masu kula da su su ɗan huta. Gidan farko da aka tura ni na Malam Tahiru ne, tsohon malamin lakkal, wato makarantar boko, da idonsa ya rufe shekara shida. 'Yarsa Habsu ke kula da shi, kuma tun lokacin ba ta taɓa yini a waje ba. Ranar za ta wajen suna a garin Kelle.

Sau uku tana komowa daga bakin ƙofa. "Ga furarsa, ga maganinsa. Ba ya son a riƙe masa hannu, shi yake kai kansa ko'ina."

Na ce, "Haba Habsu, yi tafiyarki, ai an koya mana."

Tana fita na ɗauki tsintsiya. Sai ga wasu duwatsu a jere, rabinsu cikin rairayi, daga ƙofar ɗakin Malam sun karkata har makewayi. Raina ya ɓaci. Wane irin sakaci ne wannan, marar gani a gida, a bar masa abin tuntuɓe? Na tone su ɗaya bayan ɗaya, na tara a gindin katanga, na share wurin tas, ina jin kaina gwana.

Bayan azahar ina wanke-wanke a madafi, na leƙo. Malam na tsaye a tsakiyar gida ba takalmi, yana lalube rairayi da yatsun ƙafa. Ya juya nan, ya juya can, ya nufi turken awaki. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Da na isa, gaban wandonsa ya jiƙe.

"'Yata, ina duwatsuna?"

Nan take na gane su ke nuna masa hanya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Baba, me ya hana ka kira ni?"

"Shekarata saba'in da biyu. In kira 'yar mutane ta kai ni makewayi?"

Na kai masa ruwa da wani wando, na koma waje ina hawaye. Da ya fito na durƙusa na ce ya yafe mini, kuma Habsu na dawowa zan faɗa mata da bakina.

"Kul!" in ji shi. "In ta ji, ba za ta ƙara taka ƙofar nan ba sai na mutu. Ɗauko duwatsun."

Haka muka yini. Yana ƙirga taku, ina binne dutse inda ya sa ƙafa. Sau biyu ya sa na tone na gyara, bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, wannan ma ya fi mini ciwo. Na wanke wandon, rana ta busar da shi, na ninke na mai da akwati.

Gab da magariba Habsu ta shigo da lalle a hannu, tana haki.

"Baba, lafiya kuka yini?"

"Lafiya lau. Yarinyar nan ta iya aiki. Sati mai zuwa ma ki je ki gai da gwaggonki a Gamu."

Habsu ta kama hannuwana biyu ta matse. "Tun rasuwar Inna ban yi dariya irin ta yau ba. Allah ya saka miki da alheri, Salima."

Na ce amin, idona a ƙasa.