Bayan Ƙwandalar Ɗaki na Uku

Shekara goma sha tara ya yi yana tsaron ɗaki na uku a gidan adana kayan tarihi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin abokan aiki, kowa sai Na-Uku. Aikin ba mai wahala ba ne. Da safe ya kunna fitilu, ya goge shatin yatsun da baƙin jiya suka bari a jikin gilashi, ya hau doguwar kujerarsa da ke bakin ƙofa. In wani ya jingina da akwati sai ya yi gyaran murya. In gyaran muryar bai isa ba ya ce, "A yi haƙuri, a ɗan matsa."

Ɗakin na tsofaffin kuɗi ne. Akwatunan gilashi sun bi bango a jere, cike da ƙwandaloli na tagulla da na azurfa, wasu da huda a tsakiya, wasu sun yi kore don tsufa. Amma a tsakiyar ɗakin akwai akwati guda da ke tsaye shi kaɗai, a cikinsa ƙwandalar zinariya ɗaya tak a kan jan karan-miski, ba ta fi farcen babban yatsa faɗi ba. Katin da ke gefenta ya ce wani sarki ne ya buga ta, wanda bai cika wata biyu a kan mulki ba, kuma uku kaɗai suka rage a duniya. Ba mallakar gidan ba ce. Wani attajiri ne ya ba da aronta tun shekaru da yawa kafin a ɗauki Na-Uku aiki.

Ya san fuskar da ke jikin ƙwandalar nan fiye da yadda ya san tasa. Kan mutum ne ya juya gefe, dogon hanci, leɓe a tsuke kamar wanda aka ɓata wa rai. A gefen hagu akwai 'yar tsaga. Wajen ƙarfe sha ɗaya, in rana ta shigo ta tagar sama, hasken yakan sauka a kumatun sarkin, sai ka rantse zai yi magana. Na-Uku yakan tashi daga kujera a daidai lokacin, ya yi kamar yana duba makullin akwatin.

Abin da bai taɓa gani ba shi ne bayanta. Katin dai ya ce, "A bayanta akwai jirgin ruwa," shi ke nan. Hoton da ke cikin ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofa kuwa ya dushe, kamar tabon shayi a takarda. Sau ɗaya a shekara masu kula da kayan sukan buɗe akwatin su share, amma ran Litinin suke yi, ranar da gidan ke rufe, shi kuma yana hutu. Bai taɓa roƙon a kira shi ba. A ganinsa mai gadi gadi aka ɗauke shi, ba kallo ba.

A gida yana da nasa tarin, a cikin gwangwanin biskit. Ƙwandaloli ne da aka daina karɓa, wasu ya tsinta, wasu direbobin manyan motoci suka kawo masa daga tafiya. Matarsa tela ce, kekenta na nan a falo kusa da taga. Duk ran da ya baje su a tabarma yana gogewa da tsohon buroshin haƙori, sai ta leƙo ta saman tabarau.

"Attajirin gidanmu an fito da dukiya. Baban yara, a ciki akwai wadda za ta sayi ko allura?"

"Ke dai ba ki san daraja ba."

"Na sani mana. Ai shi ya sa na aure ka, na ga kana son tsofaffin abubuwa, na ce in na tsufa ba za ka yar da ni ba."

Ran Litinin da hantsi yakan tafi shagon abokinsa mai gyaran agogo, wani ɗan lungu ne tsakanin kantin magani da mai buga takardu. Can yake tarar da Hedimasta, wanda ya yi ritaya tuntuni amma sunan ya ƙi barinsa. Su ukun ciwonsu ɗaya, son tsofaffin ƙwandaloli. In hira ta yi nisa, Mai Agogo yakan cire gilashin da yake maƙalawa a ido ya ce, "To, yau an ba ku kuɗin da ba ya ƙarewa. Wacce za ku saya?"

Hedimasta kullum da sabuwa yake zuwa, don shi mai karance-karance ne. Yau wata ƙatuwar azurfa da aka tsamo daga jirgin da ya nutse, gobe wata da aka haƙo a gonar wani manomi. Mai Agogo kuwa masu kuskure yake so, irin wadda aka buga kan sarki a kife aka yi maza aka narkar da sauran.

"Kai fa, Na-Uku? Ko kada mu wahalar da bakinmu?"

"Kun sani ai."

"Mutum a ba shi kuɗin duniya ya sayi abin da yake gani kyauta kullum!" in ji Hedimasta. "Ka saye ta ka yi me da ita?"

"In juya ta," in ji shi.

Suka yi dariya har Mai Agogo ya ƙware. Shi ma ya taya su, amma ba wasa yake ba.

Wata Laraba shugabar gidan ta tara ma'aikata a ofishinta. Mace ce mai kirki, ba ta girmi babbar 'yarsa da yawa ba, Baba take ce masa. Ta ce attajirin nan ya rasu, magadansa sun rubuto suna son kayansu, za a kai ƙwandalar gwanjo a wata ƙasa. Nan da mako uku za a zo ɗauka. Aka ɗan yi jimami, aka koma maganar sabon jadawalin hutu. Na-Uku bai ji komai ba daga nan. Ya koma ɗakinsa ya zauna, rana ta shigo ta sauka a kumatun sarkin ta wuce, bai tashi ba.

Da yamma matarsa ta ga ya tura kwanon abinci gefe. Ta tsayar da keke ta tambaye shi, ya faɗa mata. Ya yi zaton za ta yi masa tsiya. Ba ta yi ba, sai ta hau warware zare daga yatsa.

"Ka ce su nuna maka bayan mana."

"Haba. Ni wa?"

"Kai wanda ka ba ta shekara sha tara na ranka. Ni ko rigar amarya na ɗinka, sai na juya ta na ga cikinta kafin ta bar hannuna. Ka buɗe baki ka tambaya. In sun hana, sun hana."

Mako ukun nan ya yi su yana shirya magana. A cikin motar haya yana jera kalmomi, a bakin ofishin Shugaba su watse. Sau biyu ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Sau ɗaya ma ya shiga, ta ce, "Baba, lafiya?" ya ce fitila ɗaya ce take ƙyaftawa.

Ranar ɗauka aka rufe ɗaki na uku ga baƙi, aka bar shi ya tsare ƙofa. Shugaba ta shigo da wani siririn mutum daga kamfanin gwanjon, da kwat da 'yar jakar ƙarfe. Aka kashe ƙararrawar akwatin, aka sa makulli biyu, aka ɗaga gilashin. Mutumin ya sa farar safar hannu, ya ɗauki ƙwandalar ta gefe-gefe, ya duba ta da madubin ƙara girman abu, ya buɗe wani ɗan gida na roba zai saka ta. Bayanta na kallon tafin hannunsa. Daga bakin ƙofa ba a ganin komai.

"Ranki ya daɗe."

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. Duka suka waiwayo.

"Ranki ya daɗe, ni dai... ban taɓa ganin bayanta ba."

Shugaba ta dube shi kamar ba ta gane ba. "Ba ka taɓa ba? Duk shekarun nan?"

"Ran Litinin ake buɗewa."

Ta juya ga mutumin gwanjo. Shi kuwa ya duba agogonsa ya ce ƙa'idarsu ba ta yarda wani ya matso ba, kaya na hannunsa yanzu.

"Ban sa hannu a takarda ba tukuna," in ji ta. "Har yanzu a gidana take. Baba, zo."

Ta ciro safar hannu daga aljihunta ta ba shi. Ta yi masa kaɗan, yatsunsa suka tsaya a rabi, sai da ya ja da ƙyar. Aka sa ya tsaya a gaban teburin da aka shimfiɗa wa ƙyalle, don ko ta suɓuce. Mutumin ya ɗora masa ita a tafin hannu, fuskar sarki a sama, yana cewa a yi a hankali.

Nauyinta ne ya fara ba shi mamaki. Abu ƙanƙane haka, amma ya zauna a hannu daram. Ya sa yatsa biyu ya juya ta.

Jirgin ya kusa ɓacewa. Abin da ya rage sai ƙarshen sandar da ake ɗaura ƙyallen kama iska, da ɗan hancin jirgin, da layi uku na igiyar ruwa a ƙasa. Tsakiyar duk ta shafe, ta yi sumul, har ta ɗan lotsa.

"Wannan ne aibinta," in ji mutumin gwanjo, muryarsa ta ɗan sauko. "Sauran biyun jirginsu a fili yake. Wannan wani ne ya riƙe ta shekaru yana murzawa da yatsa. Ba a san ko wane ne ba. Zai rage mata farashi sosai."

Na-Uku ya ɗora babban yatsansa a lotsawar, ya zauna cif kamar an auna. Wani mutum, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya samu zinariya a hannu bai kashe ta ba. Ya ajiye ta a aljihu yana shafawa, a hanya, a bakin ƙofa, wataƙila yana jiran wani da ya tafi a jirgi. Duk zaman da Na-Uku ya yi yana kallon fuskar sarki, ashe wannan mutumin na kwance a ƙasa, a jikin karan-miski, taku biyar daga kujerarsa.

"Baba," in ji Shugaba a hankali.

Ya miƙa. Duka-duka bai fi minti ɗaya ba. Aka rufe ɗan gidan roba, aka rufe jaka, aka sa hannu. Ya riƙe musu ƙofa suka fita.

Da ya koma gida matarsa ba ta tambaye shi komai ba sai da ya cire takalmi.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Da jirgin?"

"Saura kaɗan." Ya zauna a bakin kujera yana kallon yatsansa. "Na ɗauka in na gani zan huta, Maman yara. Yanzu ne ma nake son ta. Da dai sun bar ni da ita ko yini ɗaya."

Ta kawo masa ruwa, ta koma kan kekenta, amma ta daɗe ba ta taka ba.

Bayan wata biyu Hedimasta ya zo shagon agogo da labari a wayarsa. An sayar. Wanda ya saya ta waya ya yi ciniki, bai yarda a faɗi sunansa ba. Na-Uku ya tambaya ina za a kai ta. Hedimasta ya ce irin waɗannan mutane a ma'ajiyar banki suke kulle abinsu, wani ma ba ya taɓa zuwa ya gani. Mai Agogo ya harare shi, ya canja magana, ya ce shayin yau ya yi sanyi.

An fitar da akwatin tsakiya, an sa benci a wurin. Baƙi suna zama a kai su huta ƙafa, su duba waya. Na-Uku na zuwa aiki kamar kullum, saura shekara biyu ya yi ritaya.

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da jakarta. Ta zagaya ɗakin sau biyu, sannan ta nufo shi.

"Malam, don Allah, da akwai wata 'yar ƙwandalar zinariya a nan. Ni da maigidana muka gan ta, shekarar da muka yi aure. Ya rasu bara. Na ce wa yarinyar nan ta kawo ni in sake gani."

"Ayya, Hajiya. Allah ya jiƙansa. An ɗauke ta, masu ita sun sayar."

Ta tsaya tana kallon bencin. 'Yar ta ce, "Mama, mu je, ai na gaya miki mu fara bugo waya."

"In ba ku sauri," in ji Na-Uku, "zan iya faɗa miki yadda take. Gaba da baya."

"Ka ga bayanta?"

"Na riƙe ta a hannuna."

Dattijuwar ta jingina sandarta, ta zauna a bencin, ta matsa ta bar masa wuri. Dokar aiki ba ta yarda mai gadi ya zauna da baƙi ba. Ya leƙa baranda, ba kowa. Ya zauna a ɗaya ƙarshen, ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya zana ɗan da'ira da yatsa a tsakiya, ya fara daga hancin sarkin. 'Yar ta ajiye jakar a ƙasa.