Ƙulli na Tara

"Ba ni igiyar nan, Baba."

Manaja ne, ɗan tsohon, tsaye a bakin get da makullin mota a hannu. Yara bakwai sun riga sun jeru a gefen titi, kowa riƙe da ƙullinsa. Biyu daga ciki nasa ne.

"Asabar ce fa," in ji Baba Direba. "Jirgi ba ya jiran kowa."

"Ya tafi abinsa. Na ce ka ba ni."

"To laifin me na yi?"

"Ka fi kowa sani. A kan gada ka faɗi, da 'ya'yan mutane a hannunka, ka ɓoye mini."

Tsohon bai kalli ɗansa ba. Tsallaken titi ya duba, inda nake zaune a dakalin gidanmu. Na sunkuya kamar ina gyaran takalmi. Takalmin lafiyarsa ƙalau.

Manaja ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana ɓamɓare yatsunsu daga igiya. Na ƙarshen, ɗan mai wanki, ya ƙi saki, sai da aka ɗaga shi sama kamar kifi a ƙugiya. Aka naɗe igiya, aka shiga da tsoho, aka ja get. Na ji ƙarar kwaɗo.

Duk wanda ya tashi a layinmu ya riƙe igiyar nan. Baba Direba shekara talatin ya yi yana tuƙa motar makaranta, kuma ko da ya ajiye sitiyari bai daina ƙirga kawunan yara ba. Kowace Asabar ƙarfe tara zai fito da gorar ruwa a rataye da usur a wuya. Igiyar ƙulli-ƙulli ce, taku ɗaya tsakanin wannan da wancan. Shi a gaba, yara a baya kamar taragai. A tsallaka babban titi, a wuce gidan mai, a hau gadar ƙafa da ke kan layin dogo, a jira jirgin ƙarfe goma. In ya zo a ɗaga masa hannu ɗaya, a sha ruwa, a juyo. Shi ke nan. Ba a sayen komai.

Dokarsa biyu. Ba a ba yaro ƙulli sai ya cika shekara huɗu. Kuma in mutum ɗaya ya saki, kowa ya koma gida, ko da an hango kan jirgi. Ba ya kiran yaro da sunansa, sai da lambar ƙullinsa. Ni Na Uku ne. Yara nawa suka riƙe na ukun a bayana, amma har na gama sakandare, har gemu ya fara tsiro mini, in na gaishe shi sai ya ce, "Na Uku, ka saki?" Ni kuma in ce, "Ban saki ba, Baba." Ƙulli na farko kuwa, wanda ya yi baƙi ya yi santsi don tsufa, ba a ba kowa. Ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Ranar da ya faɗi ina dawowa ne daga kai takardar neman aiki, ta biyar ke nan. Na hango su a matakalar gada. Tsohon ya zauna daɓas, kansa jingine da ƙarfe. Yaran na tsaye tsit, babu wanda ya saki. Na yayyafa masa ruwa a fuska, ya buɗe ido. Abin da ya fara yi shi ne ƙirga su.

"Jiri ne kawai," ya ce. "Na Uku, tsakanina da kai. Kada ya ji."

"Ba zai ji ba, Baba."

Kwana uku na riƙe maganar. Ran na huɗu na tare Manaja yana fito da mota. Tun bara yake cewa zai yi mini magana a wurin aikinsu, kullum "ka tuna mini", ni kuma na gaji da zuwa masa hannu rabbana. Na ce bari yau in je masa da wani abu. Na gaya wa kaina don yaran nake yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ta kai ni ba. Ya saurara, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Kai yaron kirki ne." Maganar aiki ko tayar da ita bai yi ba. Har yau.

Wadda abin ya fi faɗa wa ita ce 'yar Yayata. Cinnaka muke ce mata, don ƙarama ce amma in ta kama ka sai ka sani. Ita kaɗai ta rage a layin ba ta da ƙulli. Wata shida tana ɗaure tef ɗin awon uwarta tana gwaji a tsakar gida, ni ne jirgin. Sati biyu bayan an rufe get ta zo ta tsaya a kaina.

"Kawu, saura kwana nawa in cika huɗu?"

"Ban sani ba."

"Ka sani. Mama ta ce biyar."

"To me ya sa kike tambayata?"

"In gani ko za ka yi ƙarya."

Na tashi na bar mata gidan.

Sun mayar da tsohon ɗakin baya, mai taga ɗaya da ke kallon lungu. An sa masa sabuwar talabijin, da fanka, da kujera mai laushi. Komai an ba shi ban da ƙofa. Na zagaya lungun na leƙa ta ƙarfen taga. Talabijin na ta surutu ita kaɗai. Shi yana zaune ya ba ta baya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ƙofar ɗakin na hango tsakar gida, na ga igiyar. An ɗaure ta daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, wandunan yara na ɗiga tsakanin ƙulli na huɗu da na biyar.

"Na Uku," ya ce. "Ka saki?"

Na kawar da kai.

"Na ce ka saki?"

"Na saki, Baba."

"To. Shi ya sa kowa ya koma gida."

Ya yi dariya, tari ya biyo baya, ya daɗe yana yi. Da ma zagina ya yi, da na fi so.

"Yarinyar Yayarka yaushe za ta cika huɗu?"

"Alhamis."

"Tun tana goye na yi mata alkawari."

Washegari na sake tare Manaja a bakin mota.

"Yallaɓai, ni zan riƙe wutsiyar igiyar. In jiri ya ɗebe shi, ina nan."

"Likita ya ce ya huta. Kai likita ne?"

"Likitan ne ya ce a sa masa kwaɗo?"

Ya cire tabarau ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ba kai ka kawo mini maganar ba? Da ƙafarka ka zo, ban aika a kira ka ba. Yanzu kuma kai ne mai tausayi? In ya faɗo daga gadar nan ya jawo yara bakwai, kai za a tambaya ko ni? Zauna-gari-banza kawai. Ka nemi abin yi, ka fita harkar gidana."

Abin da ya fi ci mini rai, ban samu inda ya yi ƙarya ba.

Ran Juma'a da rana, da na ga matarsa ta tafi ɗauko yara daga makaranta, na haura katanga ta lungu. Na kwance igiyar, na jibge wankin a kan bokiti, na kai masa. Ya ɗora ta a cinya yana bin ƙullin da yatsa ɗaya-ɗaya, kamar yana kiran suna. A bayan na takwas ya auna taku ɗaya da kamun hannu, ya fara ɗauri. Yatsun suka ƙi. Sau uku tana zame masa.

"Kawo in ɗaura, Baba."

"Naka zamewa yake yi."

Da haƙori ya ƙarasa.

Asabar ƙarfe takwas da rabi Manaja ya tafi wankin mota, kamar kullum. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi da kwaɗon, sai na ji an buɗe shi daga ciki. Matarsa ce, da tsintsiya a hannu.

"Ɓarawon igiya," ta ce. "Ka sa na sake wanki jiya." Ta duba titi hagu da dama. "Ni wanka zan shiga. Ban ga komai ba."

Ya fito da takalminsa a goge, usur a wuya. Ya hura, ƙarar ta fito kamar ta ɗan tsako, amma yara sun ji. Kafin ka ce kwabo sun jeru. Cinnaka ta zo da takalmi a juye, na dama a hagu. Ya sunkuya da ƙyar ya damƙa mata ƙullin.

"Daga yau ke ce Ta Tara. Mece ce doka?"

"Ba a saki!"

"In ƙaiƙayi ya kama ki fa?"

"Kawu ya sosa mini."

Na riƙe wutsiya, muka tashi. Daga get zuwa bakin layi tafiyar minti uku ce. Mun yi ashirin. Yaran suna taka wa juna dunduniya, babu wanda ya yi ƙorafi. A kwana, gaban rumfar mai gyaran rediyo, ya tsaya ya dafa benci, ya zauna. Gumi ya jiƙe masa riga. Babban titi na gabanmu, motoci na wucewa fuu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yau a nan za mu jira shi," ya ce.

"Ina gadar?" in ji Cinnaka.

"Tana can gaba. Yau da kunne za mu gani."

Mai gyaran rediyo ya kashe rediyon da yake gwadawa. Ƙarfe goma da 'yan mintuna muka ji kukan jirgi daga nesa, dogo, sau biyu. Manyan yaran suka ɗaga hannu ɗaya suna yi wa bangon gidan mai bai-bai. Cinnaka ta duba nan, ta duba can.

"Ni ban ga komai ba!"

Ta fashe da kuka, majina har baki, amma hannu biyu na kan ƙulli.

A haka motar Manaja ta same mu, tana ta sheƙi. Bai ko rufe ƙofarta ba. Marin da ya yi mini sai da na ga wuta. Na dunƙule hannu, kuma wallahi da na rama. Ya sake ɗaga nasa.

"Na Ɗaya!"

Ban taɓa jin muryar tsohon haka ba. Hannun Manaja ya tsaya a sama.

"A gaban yara? Sauke."

Ya sauke. Ya sunkuya ya tallafi ubansa ya sa a mota, kamar ya ɗauki jariri. Igiyar ta rage a hannuna, da yara takwas a jikinta. Ni na mayar da su gida.

Ran Talata da la'asar Baba ya rasu. Ba na nan, ina layin kai takarda ta shida. Da na dawo na tarar da get a wangale, ƙyaure biyu duka, mutane zazzaune har bakin titi. Kwaɗon na rataye a jikin ƙarfe, a buɗe. Manaja ya hango ni, idonsa jawur.

"Ga wanda ya fitar da shi nan," ya ce, kowa na ji.

"Ga wanda ya kulle shi," na ce.

Yaya ta fisgi rigata ta ja ni gida, tana cewa, "Ba ka da kunya? Gawa ko sanyi ba ta yi ba." Na shiga ɗaki na rufe. Na yi ta naushin katifa har hannuna ya gaji. Ban san wa nake naushi ba.

Asabar ɗaya ta wuce, layin shiru. Ta biyun, Cinnaka ta jawo igiyar daga ƙarƙashin gadona ta jefa mini a cinya.

"Baba ya ce da kunne. Ni da ido nake so."

"Baba ba ya nan."

"Na sani. Kai kana nan."

Ƙarfe tara na fito. Ba ni da usur, tsayawa kawai na yi a gefen titi da igiya a hannu. Ɗan mai wanki ya fara zuwa. Sai wani, sai wata. Shida suka jeru, ƙulli biyu a tsakiya babu kowa. Har zan ce mu tafi, sai get ɗin tsallake ya yi ƙara. 'Ya'yan Manaja biyu suka fito da gudu suka kama nasu. Shi yana bayansu, da silifas, bai yi aski ba. Ban gaishe shi ba. Shi ma bai nema ba. Ya miƙo mini usur ɗin, zaren ya yi baƙi da gumin wuya.

"Ka ƙirga su a kowace tsallaka," ya ce. "Kafin da bayan."

"Na sani."

Ya kama kan igiyar kamar zai duba ƙarfinta. Babban yatsansa ya zauna a kan ƙulli na farko, ya ɗan jima a wurin. Sannan ya saki, ya juya.

Mun isa gada saura minti biyar. Na ƙirga, takwas. Na ɗaga Cinnaka na ɗora ƙafafunta a kan ƙarfen ƙasa don ta ga layin. Jirgin ya fito daga kwana, gada ta fara rawa a ƙarƙashinmu, yara na ihu suna ɗaga hannu.

"Ta Tara, ɗaga masa hannu mana," na ce.

Ta girgiza kai. Hannu biyu ta riƙe ƙullinta, baki buɗe, idonta na bin taragai ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin hannuna da na yaron farko, baƙin ƙullin yana lilo a iskar jirgi.