Haƙarƙarin Rago a Characato

Tun ranar da likita ya ce jinin Don Fortunato Zegarra ya hau, 'yarsa Nélida ta karɓe tukunyar gidan. Wata huɗu ke nan yana cin dafaffen kabewa da ƙirjin kaza fari fat, lami, ko ƙwayar gishiri babu. Ita ma shi take ci, har da lumshe ido wai daɗi. Wannan duk ya shanye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne jin cewa ta bi gidajen abincin unguwarsu ta Yanahuara da na kewaye ɗaya bayan ɗaya da hotonsa a waya, tana roƙon kada a zuba masa ko cokali guda. Hotonsa fa, sai ka ce ɓarawon akuya.

Ran Alhamis da hantsi, tana fita aiki ya kifa hularsa ya fice. Shekara arba'in ya yi yana jan motar haya a birnin Arequipa, babu lungun da bai san inda ake kafa jan ƙyalle a kan sanda ba, alamar tukunya ta nuna, giyar masara ta tsumu. Ya fara da gidan abincin Doña Zoila, wadda ya sha ɗauko wa buhunan masara tun tana amarya. Ta tare ƙofa da ludayi a hannu, ta ce ta yi wa yarinyar alkawari, kuma ba ita za a bari da gawarsa a kan benci ba. Ya ce mata dama miyarta ta daɗe da lalacewa. A unguwar Cayma kujera aka ba shi da ruwan zafi da ganye. A Sachaca kuwa mai gidan na hango shi ta sauke ƙyallen, alhali ƙamshin suya ya cika titi.

Ransa ya ɓaci har idonsa ya kawo ruwa. Ba yunwa ke damunsa ba. Kewar dogon bencin nan yake yi, inda ake zama kafaɗa da kafaɗa da wanda ba a sani ba, ƙaton kofi ɗaya ya zagaya mutum biyar. Yana da shekara saba'in da uku, an taru an mai da shi jariri.

Sai ya tuna da wani gidan abinci a ƙauyen Characato, can bayan gonaki, wanda ba shi da suna balle allo. Mota biyu ya hau, ya ƙarasa da ƙafa yana haki. Ƙyallen na nan, ya koɗe. Ya sunkuya ya shiga cikin hayaƙin itace, ya ɗaga murya ya ce a kawo masa haƙarƙarin rago da barkono cushe da nama, kada a rage komai.

A ƙarshen benci wata mata ta sandare da ƙashi a hannu, maiƙo har haɓa. Nélida ce.

"Ashe nan ne ofis ɗin naku," in ji shi.

"Baba, Alhamis kawai nake zuwa. Na rantse kabewar nan ta kusa kashe ni."

"Au, ke ce ta kusa kashewa? Matsa can."

Ya zauna. Da aka dire faranti a gabansa sai ta kama wuyan hannunsa, ta ce a hankali bara ta binne uwarta, ba ta da ƙarfin sake binne wani. Maganar ta ratsa shi har ƙashi, amma ya zare hannunsa.

"Ko rabi ne, Baba."

"Ci naki, 'yar nan."

Ya gatsa. Gishiri ya sare masa harshe, ya ji kamar kanwa ya tauna. Wata huɗun nan sun lalata masa baki, abincin da ya keta gari dominsa ya gagare shi. Baƙin cikin wannan ya fi na duk ƙofofin da aka tare masa. Ya tauna a hankali, ya haɗiye da ƙyar, ya kora da giya, gumi na tsatsafo masa a goshi. Nélida ta kafe shi da ido.

"Ya ka ji shi?"

Ya goge baki da bayan hannu, ya juya wajen mai abincin da ke bakin murhu.

"Doña, yau hannunki ya yi sanyi. Miƙo mini gishiri."