Katin da Inna Ta Sa Aka Ɗinke

Daren jiya wani mafarki ya same ni, har yanzu bai sake ni ba.

Na ga kaina a ƙofar babban ɗakin taro na jami'armu, ranar yaye ɗalibai. Ina sanye da rigar nan mai faɗi da hula mai tunku, amma ƙafata babu takalmi, kuma ba wanda ya damu da hakan. Ruwan sama ake yi, sai dai daga ƙasa yake tasowa ya nufi gajimare, saboda haka kowa ya birkice lemarsa ya tsaya a cikinta.

Inna tana gefena. Ta rasu tun ina aji biyu, amma wannan bai hana ta zuwa ba. Ta ce aron yini guda aka ba ta, da an tashi taro za ta koma.

"Ni dai in ga ka amshi takardar nan da idona," in ji ta. "Shi ke nan buƙatata."

A makarantarmu ba a shiga taro sai an haska katin ɗalibi. A bayan katin akwai baƙaƙen layuka, na'ura ta ɗora musu jan haske ta ce ƙit, sai a rubuta ka halarta. A mafarkin abin ya wuce nan. Wanda na'ura ba ta ce masa ƙit ba, to bai zo ba, ko da kuwa yana taka maka ƙafa.

Mai riƙe da na'urar wani bunsuru ne da kwat da tabarau. Yana aiki yana tuƙa, bai ɗaga kai ya kalli kowa ba.

A gabanmu akwai jakin dawa. Da hasken ya taɓa jikinsa na'ura ta ɓarke da ƙit ƙit ƙit ba tsayawa. Bunsuru ya miƙe tsaye da ladabi.

"Ranka ya daɗe, ka halarci duk tarukan bana har da na baɗi. Wuce kujerun gaba."

Bayansa wata zabuwa ce da rigar digiri. Aka haska ta, shiru.

"Ɗigo ne da ke, ba layi ba," in ji bunsuru. "Ki dawo in kin miƙe."

Sai na tuna Inna ba ta da kati. Ita ko a jikinta. Ta matsa ta gaida bunsuru, ta tambaye shi iyali. Hasken ya sauka a kumatunta, inda zanen Gobirawa ya kwanta tun daga gefen baki har kusa da kunne. Ƙit.

"Kin halarta, Hajiya. Wuce."

Ta tsallaka ƙofa ta juyo tana jirana. Na kai hannu wuya na jawo katina, sai na ji fata. An ɗinke shi ruf a cikin jar fata kamar laya, har da igiya. Nan take na tuna, irin tunawar mafarki: Inna ce ta kai wa baduku ranar kasuwa, kada ya ɓata, kada kuma bakin mutane ya kama shi.

Bunsuru ya haska. Shiru. Na goga a riga kamar yadda muke yi, na hura masa iska, na sake miƙawa. Shiru.

"Ba ka zo ba," ya ce.

"Yallaɓai, ga ni tsaye a gabanka."

"Ni ma ina ganinka. Ita ce ba ta gan ka ba. Na gaba."

Na sa haƙori na tsinka zaren. Duk inda na tsinka sai ya sake ɗinke kansa, har ya fi na da kyau. Aikin baduku ne na gaske, ban taɓa tsanar aiki mai kyau irin ta ranar ba.

Sai ga ni a Ofishin Waɗanda Ba Su Zo Ba. A saman bishiyar dalbejiya yake, kuma cike yake maƙil. Wata tunkiya tana zaune a bayan tebur tana shan shayi da cokali mai yatsu. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara da tausayi.

"Matsala ce ƙarama," ta ce. "Yanzu za mu gyara. Haska katinka tukuna, mu san ka zo ofis."

Daga can ƙasa na ji lasifika ta fara kiran 'yan sashenmu. Ba takardar nake ji ba, wallahi. Inna nake ji, tana tsaye a wurin da ba ta san kowa ba, lokacinta yana ƙarewa a kaina.

Sai ga ni a ƙofar taro kuma. Layi ya watse, saura ni da zabuwa. A ciki waɗanda suka karɓi takardunsu sun fara tashi sama da kujerunsu suna tafi. Inna tana nan inda na bar ta, amma ƙafafunta sun ɗan rabu da ƙasa.

"Mi ya tsai da kai, wanga yaro?" ta ce. "An kusa tashi."

Na durƙusa wa bunsuru. Ban taɓa zaton zan durƙusa wa bunsuru ba, amma ban ji komai ba. Ya cire tabarau ya goge da gemunsa.

"Akwai hanya guda," ya ce. "Na'urar tana da kunne. In wanda ya halarta ya faɗi sunanka da ƙarfi, za ta karɓa."

Ya juya bakin na'urar ya saita Inna.

Nan fa ake yin ta. Ni ɗan fari ne, Lauwali. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ko a gabana ko a bayan idona. In za ta kira ni sai ta ce kai, ko ta aiko ƙanwata. Da na karye a hannu ina yaro, kwana ta yi a zaune a kaina, da safe maƙwabta suka shigo dubiya ta ce ita ba ta ma lura ba.

"Wanga yaro ne," ta ce wa na'ura.

Shiru.

"Babban gidanmu."

Shiru.

"Mai sunan ƙanen Malam. Ai ta gane."

"Ba ta gane ba, Hajiya," in ji bunsuru.

Yanzu ta yi sama har ina ganin tafin ƙafarta. Lasifika ta ce a miƙe don addu'ar rufe taro.

"Inna, bar shi," na ce. "Na yafe takardar. Kada ki takura kanki."

Ta harare ni, hararar da na sani. Ta gyara mayafi, ta waiga dama da hagu kamar mai shirin ɗaukar abin da ba nata ba.

"To, ku kau da kai," ta ce.

Bunsuru ya juya baya. Zabuwa ta cusa kai a fiffike. Mutanen da ke sama duk suka kalli rufi. Ni kaɗai na kasa. Ta cika ƙirji da iska, ta dube ni ido cikin ido, ta buɗe baki. Na ga harshenta ya tashi.

Sai aka kawo wuta. Tsohuwar fankar ɗakinmu ta tashi da ƙararta, garan-garan, na buɗe ido na ga gari ya waye.

Na miƙe na kashe ta, na koma na kwanta a gefen da nake, na ja zane na rufe kai. Na daɗe a haka ina lallashin barci. Ko harafin farko ban samu ba.