Man Birki a Auduga

Da bakaniken nan ya san abin da za a tono a ɗakin likitan haƙori, da ya bar matarsa ta kai yarinyar. Amma shi ya dage sai ya kai ta, har da canza riga.

Kwana biyu ke nan Auta, 'yarsa mai shekara bakwai, ba ta iya tauna komai. Tun daga gida yake mata faɗa: "Alawa, alawa, sai ka ce tururuwa! Yau za ki ga abin da zaƙi ke haifarwa." Yana faɗan yana kare baki da hannu, kamar yadda ya saba tun da haƙoransa na ciki suka fara ruɓewa shekara uku da suka wuce. Ko a gida, dariyarsa ba ta wuce leɓe.

Likitar ko sa'ar ƙanwarsa ba ta kai ba. Ta kwantar da Auta a kujera, ta jawo fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Ramin ƙarami ne, cikewa kawai za a yi," in ji ta. "Amma dasashin ya ƙone, ya yi fari fat. Me aka sa mata?"

"Ba a sa mata komai ba, Likita. Mu ba ma wasa da lafiyar yara."

Likitar ta sunkuya. "'Yan mata, me kika sa?"

Auta ta saci kallon ubanta. "Maganin Baba."

A gareji aka koya masa: a ɗiga man birki a auduga, a cusa a ramin haƙori, wai tsutsar da ke cin haƙorin ta mutu. Ya zuba a 'yar kwalba ya ɓoye saman kabad. Kullum da safe yakan juya wa ƙofa baya ya cusa, a zatonsa ba mai gani.

"Kujera na taka na ɗauko," in ji Auta. "Baba in ya sa, ba ya kuka."

"Wane magani ne, Malam?"

Ya ce, "Man birki ne."

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. "Sau nawa kika sa?"

Auta ta ɗaga yatsu uku.

"Kin haɗiye?"

"Kaɗan."

Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce man nan guba ne, ƙoda yake taɓawa, ta rubuta takarda a kai yarinyar gwajin jini yanzu-yanzu. "Kai ma shekara nawa kana sha. Buɗe in gani."

Ya buɗe, a tsaye, a gaban 'yarsa. Auta ta miƙa wuya ta leƙa, ta toshe hanci.

"Kai, Baba! Naka ya fi nawa. Kai ma alawar kake sha?"

Likitar ta ƙara sunansa a takardar.

Suna zaune a benci a bakin ɗakin gwaji, kowa da auduga a gwiwar hannu, wayarsa ta yi ƙara. Uwar Auta ce, kira na huɗu. Ya zuba wa wayar ido har ta katse.

An ce sai nan da awa biyu sakamako zai fito. Har yanzu ba wanda ya san yawan abin da Auta ta haɗiye, ko ya kai ga ƙodarta.