Kifin da Ya Dawo Kogo

Shekara uku cur Ragnfrid tana nitso da guduma a gaɓar ƙauyensu da ke arewacin Norway, tana farfasa bushiyar teku, wasu ƙananan halittu masu ƙaya, ɗaya bayan ɗaya. 'Yan banzan sun cinye ciyawar ƙarƙashin ruwa ƙarƙaf, sun bar duwatsu tas kamar kan mai sanƙo. Ita kuwa ta rantse sai ciyawar ta dawo. Kowace Asabar tana can ƙasa, tukunyar iska a baya, sanyi na cin yatsunta.

Mahaifinta Oddvar, tsohon masunci, ya hana ta sakat.

"Maƙeriya, an fito? Nawa aka kashe yau? Saura miliyan nawa?"

Wata Asabar ta leƙa wani kogo a tsakiyar ciyawar da ta fara tohowa, sai ga mummunar fuska, haƙora a waje. Mai-cizon-dutse! Kifin da bushiya ce abincinsa, wanda rabon da a gan shi a nan tun tana firamare. In ya zauna ya hayayyafa, shi zai tsare wurin.

Da suka fito, Jorunn abokiyar nitsonta ta kama mata hannu. "Ki ja bakinki ki yi shiru. Kin san mutanenmu da naman kifin nan."

Shiru kuwa? Ina! Iska ta tashi, ba damar shiga ruwa, Ragnfrid ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta dafa kofi ta manta da shi. Ta leƙa taga, ta koma kujera, ta sake leƙawa. Tana tsoron wani ya jefa ƙugiya a wurin, amma abin da ya fi cin ta shi ne maganar da ke mata ƙaiƙayi a baki. Ran Laraba uban ya sake tsokanarta, sai ta fashe.

"To ka ji, Baba! Mai-cizon-dutse ya dawo. Gindin dutsen nan mai fitilar jiragen ruwa, da idona na gan shi."

Tsoho ya ajiye kofinsa. "A nan?" Wannan karon bai yi dariya ba. Daɗi ya rufe ta har ta manta ta ce masa a bar kifin.

Ran Lahadi ya kira ta cin abinci. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga dankali da man shanu, ga wani farin nama yana tururi.

"Kilo shida," in ji shi. "Ni da kaina na je, da wannan gurguwar gwiwar. Shekara talatin ban kama irinsa a ruwanmu ba." Ya dube ta. "Aikinki ne, 'yata. Na yi miki dariya, yau na janye."

Kifinta ne, na cikin kogon nan. Kuka take so ta yi, ta kuma san tun da aka haife ta bai taɓa yabonta haka ba.

Ya zuba mata yanki mafi girma, ya tsaya a kanta yana murmushi.

"Ci mana. Ai na gaya wa kowa a bakin jirgi abin da 'yata ta yi. Gobe da safe duk za su je su gwada sa'arsu."